Kafin ƙannena su sayar da waya su sayi injin sassaƙa bod

Assalamu alaikum Malam Edita. Ya aiki ya fama da jama'a, Allah ya ƙara wa wannan jarida tamu albarka.

Dan Allah a ɗan bani fili, inaso inyi magana ne da ƙannena masu sha'awar harkar lantarki, musamman ɗaliban injiniya da yaran da ke koyon gyaran inbata da kwantirolar sola, saboda kwanan nan tambaya ɗaya ce take ta yawo a bakinsu. Suna ganin bidiyo a TikTok da YouTube, wani ɗan injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, akan tebur yana zagaye kan farantin jan ƙarfe, cikin minti ɗaya sai ga bod, wato allon da ake jera kayan lantarki a kansa, ya fito tsaf gaba da baya, an jera IC, ƴan baƙaƙen kayan nan masu ƙafafu da yawa, an sa wuta fitila ta kama. Shikenan sai yaro ya fara lissafin sayar da wayarsa yayi odar injin, wai zai buɗe kamfanin buga bod a ɗakinsa. Ni gyaran inbata ne sana'ata kuma ina da irin injin a shago, dan haka bari in faɗa musu gaskiya tun kafin kuɗi ya fita. Injin yana aiki wallahi, ba ƙarya bane, amma bidiyon nan aikin awanni ne aka matse shi, kuma ba a nuna muku faranta nawa aka zubar kafin a samu wanda aka ɗauka a kyamara. Sannan bod mai fuska biyu, tun a wajen zane da wajen shirya juyi ake cin sa ko a faɗi, kafin ma a kunna injin.

Injin da yawanci ake nufi shine 3018, sunan ma daga girman filin aikinsa ya samo, santimita 30 ta nan 18 ta can, hawa da sauka kuma wajen santimita 4 da rabi. Daga China yake zuwa a wargaje cikin kwali, kai zaka zauna ka ɗaure abinka da hannu. Ƙwaƙwalwarsa IC ɗin nan ne ATmega328P wanda ke kan Arduino Uno, an zuba masa manhajar GRBL, moton da ke juya bakin yanka kuma ƙaramin nan ne da ake kira 775, da ƙyar yake kai juyi dubu 10 a minti. Injinan kamfanin LPKF na Jamus da aka ƙera musamman dan wannan aikin, wasunsu har dubu 100 suke yi, kuɗinsu kuma kar ma ka tambaya. Kaga kenan wannan ƙaramin asali dan zana suna akan katako da roba akayi shi, mune muke ɗora masa aikin da ya fi ƙarfinsa, yana kuma yi in an lallaɓa shi.

Yadda abin yake a taƙaice, babu ruwan ferik, sinadarin nan mai cinye jan ƙarfe, da muka saba jiƙa bod a ciki yana ɓata mana yatsu da riga. Baki ne mai tsini yake sassaƙe jan ƙarfen da ke gefen kowane layi ya bar layin a tsaye shi kaɗai. Zaka yi zane a manhajar KiCad, kyauta ce, ka fitar da fayil ɗin Gerber na sama da na ƙasa da fayil ɗin ramuka, ka kai wa manhajar FlatCAM ta mayar dasu G-code, wato yaren da injin ke ganewa, sai manhajar Candle ko bCNC su riƙa tura wa injin umarni ta USB. Wannan ɓangaren duk wanda ya iya kwamfuta zai koya cikin sati.

Matsala ta farko tana kaurin jan ƙarfen ne. Farantin gaba ɗayansa milimita 1.6 ne, amma jan ƙarfen da ke shimfiɗe a kansa 0.035 ne kacal, kai kuma so kake ka yanke shi ba tare da ka nutse cikin jikin farantin ba, dan haka zurfin yanka tsakanin 0.05 zuwa 0.1 ake sa shi. Bakin da ake amfani dashi mai siffar V ne, gwargwadon nutsewarsa gwargwadon faɗin yankansa. Ɗauki mai kusurwa digiri 30 da tsini mai faɗin 0.1, in ya nutse 0.1 zai yanki hanya mai faɗin kusan 0.15, mai kusurwa 60 kuma a zurfi ɗaya ya haura 0.2. To farantin da ka sayo a kasuwa ba a miƙe yake ba, ko da idonka ya ce maka a miƙe yake, akwai ɗan lanƙwasa ko tudu na 0.1 ko 0.2 a tsakiya, shikenan a gefe guda baki yana shafar iska bai ko taɓa jan ƙarfe ba, a ɗaya gefen kuma ya nutse ya cinye siririn layinka gaba ɗaya. Maganinsa a sa injin ya auna tudu da kwarin farantin kafin ya fara. Kilif biyu masu bakin kada, ɗaya a jikin bakin yanka ɗaya a jikin jan ƙarfe, wayoyin su tafi ƙafar A5 da giraun, wato ƙafar negatif, na allon GRBL, injin ya riƙa sauka a hankali wuri-wuri, duk inda ya taɓa sai ya rubuta tsayin wajen, Candle ta haɗa taswira ta gyara G-code ɗin da ita. A tuna a cire kilif ɗin kafin a kunna moto, in ba haka ba waya zata nannaɗe a jikinsa. Wanda yace zai tsallake wannan awon dan yana sauri, to ya tanadi faranti da yawa.

Duk wannan fuska ɗaya ce fa. Yanzu muzo kan juyi, inda nan ne yawancin mutane ke karaya.

Juya bod ba juya waina bane a tanda da duk yadda ta faɗa ta faɗa daidai. Ramin da zaka huda dole ya faɗa tsakiyar zoben jan ƙarfe na sama, ya kuma fito a tsakiyar zoben na ƙasa, alhali zoben nan duka faɗinsa bai fi milimita 2 ba. Hanyar da take aiki itace ta fil biyu. Ka ɗaure katakon MDF akan teburin injin ka sa injin da kansa ya share fuskarsa ta zama daidai, ka manna farantinka, sannan kafin ka yanki komai ka sa injin ya huda ramuka biyu a wajen iyakar zanen, ɗaya a wannan ƙarshen ɗaya a wancan, duka akan layin da ya raba zanen gida biyu, ramin ya ratsa farantin ya shige cikin katakon. In ka gama fuskar farko sai ka ɓamɓare, ka kifa shi, ka zura fil a ramukan nan, farantin ya koma mazauninsa. Ba sai ka je neman fil na musamman ba, gindin bakunan da suka karye maka ka tara, kaurinsu 3.175 ne dukkansu kuma ƙarfe ne mai tauri da baya lanƙwasa, sai dai ka tabbata ramin ya kama su tsam ba girgiɗi. FlatCAM tana da wajen da take kifa zanen ƙasa kamar a madubi ta kuma sa maka ramukan fil ɗin da kanta.

Abinda mutane basa lura dashi shine kuskure a juyi ninkuwa yake. In layin juyinka ya kauce da 0.1, tsakanin sama da ƙasa 0.2 zaka gani, dan fuskar farko ta kauce hagu ta biyun ta kauce dama. Haka in ƙafafun injin basu tsaya kusurwa 90 cif ba lokacin da kake ɗaure shi, a bod mai fuska ɗaya ba zaka taɓa sani ba, komai zai yi aiki, amma ranar da ka kifa faranti sai kaga ramukan kusa da layin fil sun dace, na can nesa kuma sun fice daga zobe, kayi ta zargin manhaja alhali ƙusoshin jikin injin ne. Gwajinsa mai sauƙi ne, ka sa shi ya ɗiga maki huɗu a kusurwoyin babban murabba'i ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu, in awon bai zo ɗaya ba ka kwance ka sake ɗaurewa. Sai kuma wasan da ke tsakanin sandar zare da notinta, akwai sifirin a ciki da ke matse su, in ya saki to da'ira zata fito kamar an taka ta.

Akwai ƙananan abubuwa da ke ɓata aiki a wajen nan. Tsakanin fuskar farko da ta biyu kar ka taɓa sifilin X da Y, wato inda injin ke fara ƙirga hagu da dama da gaba da baya, na Z mai hawa da sauka kaɗai zaka sake, kuma dole a sake awon tudu da kwari tunda yanzu wata fuskar ce a sama. Kafin ka kifa ka bi fuskar da ka gama da samfefa mai laushi, saboda ƙaiƙayin jan ƙarfen da ya tashi a gefen layuka zai ɗaga farantin. Sannan ɓangaren da ka gaya wa manhaja zaka kifa, hagu zuwa dama ne ko gaba zuwa baya, ya zama shi hannunka yayi, dan fil biyun nan ta kowace fuska ka kawo farantin zasu shiga basu san komai ba. Ni nakan sa ɗan rubutu a kusurwa ɗaya ta kowace fuska tun a zane, in rubutun ya fito a karance to an dace. Ramukan ƙafafu kuma daga fuska ɗaya ake hudasu duka, 0.8 dan rizisto da IC, 1.0 dan ƙafafun soket masu kauri.

Nan kuma sai maganar wuta ta shigo, wadda masu bidiyon can basa damuwa da ita mu kuma itace rayuwarmu. Yawancin masu arahar nan basa zuwa da makunnin iyaka, wato ƙananan suwic ɗin da injin ke taɓawa ya gane inda gidansa yake. In aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, ya manta inda yake tsaye, sifilinka ya tafi, faranti da rabin aiki sai dai a yi haƙuri. Abin daɗin shine baya cin wuta, adaftarsa ta bolt 24 ce, ƙaramar inbata da batir ɗaya sun riƙe shi da laftof har a gama. Kar a dogara da wutar layi ko janareto mai tari, kuma duk wanda ya saya ya ƙara kuɗi kaɗan ya sa suwic ɗin nan, GRBL ta san dasu, kunna su kawai za ayi a saiti.

To an yi juyi lafiya, layuka sun dace, a nan ne yaro zai ɗauka ya gama. Saura babba. Bod ɗin kamfani, irin wanda kake gani cikin waya ko inbata, kowane rami an shafe cikinsa da jan ƙarfe ta hanyar sinadari da lantarki, shi yasa layin sama ke magana da na ƙasa ba tare da kowa ya haɗa su ba. Injinka na gida rami kawai yake hudawa, cikinsa busasshe ne ba abinda ke wucewa. Duk inda zanenka yace layi ya nutse daga sama ya ɓullo a ƙasa, abinda KiCad ke kira via, kai zaka zura guntuwar waya ko ƙafar rizisto da aka yanke, ka sa dalma sama ka sa ƙasa ka datse. Rami 40 ɗaurin dalma 80 kenan, kuma kana sa wa fuska ta biyu zafi ta farkon tana narkewa wayar ta zame. Akwai ƙananan ribit na jan ƙarfe da ake dannawa a ramin, sunfi tsafta, amma suna son rami da zobe masu faɗi. Ko wanne kayi zai bar ɗan tudu, dan haka ba zaka iya sa shi ƙarƙashin IC mai kwanciya akan bod ba, alhali a zanen kamfani nan ne ma aka fi ɓoye su.

Ga kuma wadda ta fi cin mutane. Rile, soket mai gindin roba, tamina mai noti, babbar kafasita, duk waɗannan zama suke daram akan bod su rufe ƙafafunsu, bakin ayan ɗinka na dalma ba zai taɓa kaiwa zoben sama ba. In zanenka ya kawo layi ta sama zuwa ƙafar rile, to layin nan a banza yake, ba zai haɗu ba har abada, sai kayi ta bin mita kana neman inda wuta ta tsaya. Shi yasa nace tun a zane ake cin wasan. Zanen da aka sauke daga intanet wanda akayi dan kamfani ba zai yi a injin gida ba sai an sake shi. Duk kayan da ƙafarsu ke ratsa bod a kawo musu layi ta ƙasa kaɗai, layuka a basu faɗi kamar 0.4 zuwa sama, tazara ma haka, zobba a ƙara musu girma dan su haɗiye ɗan kuskuren juyi, ramukan haɗi a rage su iya raguwa a kuma fitar dasu fili. Kayan da ake mannawa a fuska a zaɓi manya, masu lambar girma 1206 ko 0805, IC mai tazarar ƙafa 1.27 yana fitowa lafiya, mai 0.8 irin ATmega328P ɗin nan mai ƙafa 32 sai injin da aka saita sosai, mai 0.5 kuwa ni dai bana ba kowa shawara.

A ganina ma, da yawan abinda ɗalibai ke cewa sai fuska biyu, fuska ɗaya ta ishe shi in aka zauna aka yi tunanin inda za a ajiye kowane abu, da ƴan wayoyin tsallake uku ko huɗu, ko rizisto mai sifili, wanda aikin waya kawai yake yi, girman 1206 da layi zai bi ta ƙarƙashinsa. Wata dabarar kuma ka bar fuskar ƙasa yadda take ba yanka, ta zama giraun gaba ɗaya, kayi duk layukanka a sama, ramin da ba na giraun ba sai ka ɗan share bakinsa ta ƙasa da babban baki dan kar ƙafa ta taɓa. Ka samu amfanin fuska biyu ba tare da wahalar juyi ba. Amma yaro yana ganin in bai yi mai wahalar ba kamar bai iya ba.

Abu biyu da suka shafi rai, Malam Edita, dan Allah ko za a rage wasiƙar nan saboda tsawo kar a cire su. Na ɗaya ƙura. Farantin FR4, wanda shi aka fi samu, zaren gilas ne aka haɗa da gam, in ana sassaƙa shi farar ƙura mai laushi ce ke tashi, tana cin bakin yanka da wuri kuma ba abin shaƙa bace. Kar a yi aikin a ɗakin kwana ko inda yara ke wasa, kar a hure da baki, a sa takunkumi na kirki a zuƙe ta da inji ko a goge da jiƙaƙƙen tsumma, wasu ma ɗan mai suke ɗigawa akan farantin dan ƙurar ta kwanta. Dalilin kenan da ɗakunan ƙere-ƙere na Fab Lab, waɗanda suka samo asali daga jami'ar MIT ta Amurka, suka fi amfani da FR1 mai jikin takarda, duk da shi kuma baya jure zafi da laima kamar wancan. Na biyu wutar gida. Hanyar da baki ya yanka faɗinta 0.2 ne, ga ragowar jan ƙarfe shimfiɗe ko'ina, ga babu koren fentin nan da kamfani ke rufe bod dashi. A bolt 5 ko 12 ba komai, amma mu masu inbata da ke wasa da 230, in ƙurar hunturu ta cika wannan siririyar hanyar sannan laimar damina ta sauka a kai, wuta zata tsallaka. Duk inda wutar gida zata bi a sa injin ya share jan ƙarfen wajen gaba ɗaya a bar tazara ta milimita da yawa, ko a yanke farantin ma a bar rami a tsakani, bayan an gama dalma a fesa banish.

Sai maganar kuɗi, wadda itace asalin abinda ke ruɗar yaran. Kamfanoni irin su JLCPCB da PCBWay na China suna buga ƙananan bod guda 5 masu fuska biyu, da ramuka shafaffu da koren fenti da farin rubutu, akan ƴan daloli, JLCPCB ma dala 2 take tallatawa. Ba wani inji akan tebur da zai yi gasa da wannan, ko a kyau ko a farashi. Abinda ke cin mu shine kuɗin jirgi da ya ninka kuɗin bod ɗin, da wahalar biya da dala, da jiran sati biyu ko uku, sannan kaya su iso ka tarar ƙafa ɗaya ka juya a zane, ka koma layi daga farko. A nan ne injin gida yake da rana, ka zana da safe ka gwada da yamma, ka gyara gobe, sai ka tabbatar komai na aiki sannan ka tura wa kamfani su buga maka ɗari. Haka in kwastoma ya kawo tsohuwar na'ura da wani ɗan bod ya ƙone kuma babu irinsa a Sabon Gari, kana iya sake zana shi ka fitar da guda ɗaya. Wanda zai saya dan wannan ya saya, zai ji daɗinsa. Wanda kuma yake lissafin zai riƙa sassaƙa bod yana sayarwa da yawa, gara ya riƙe wayarsa.

Kirana ga shugabannin sassan lantarki na kwalejojin fasaha da jami'o'inmu, inji ɗaya ko biyu a ɗakin gwaji ba zai gagari sashe ba, yafi ace kowane ɗalibi yayi ta fama shi kaɗai ko ya kawo furojet akan bero bod da wayoyi cunkus a baya. A samu ma'aikaci ɗaya da zai riƙa kula da saitinsa, a ajiye bakuna da yawa dan karyewa suke, a sa ɗalibai su fara da ƙaramin abu mai fuska ɗaya irin IC 555 mai kunna fitila tana kashewa. Kafin a bar kowa ya taɓa zanen gaske mai fuska biyu, a bashi guntun faranti ya yanki zobba kawai a kusurwoyi huɗu sama da ƙasa, ya huda, ya ɗaga a haske malam ya duba ko ramukan sun faɗa tsakiya.

Na gode da wannan fili, a gaida duk ma'aikata. Wassalam.

Naku,
Mai gyaran inbata, daga Kano